Butar Habi

Duk Zangon Wagadugu an san ni da ƙyama, kuma ban taɓa jin kunyar haka ba. Ba na cin abincin biki. Na daina shan zoom-koom, ruwan geron nan na bakin titi, tun ranar da na ga mai sayarwa ta fyace majina, ta goge a gefen zani, ta mayar da hannun nan cikin ƙanƙara. Tir! Matan tsakar gidanmu Habi Jabel suke ce mini, don ba abin da ba na ɗiga wa ruwan jabel, wato bilic mai kashe ƙwayoyin cuta, har tsintsiya. Su yi ta faɗi. Ni dai 'ya'yana ba su taɓa yin ƙazuwa ba.

Ina da buta ta roba, shuɗiya mai ratsin fari, shekararta bakwai a hannuna. Ba wanda ke taɓa ta, ko 'yata Lailatu. Kullum da safe sai na dirje bayanta da soso da sabulu har ta yi ƙyalli, sannan in rataye ta a ƙusa, can sama inda hannun yara ba ya kai.

A shekarar dubu biyu da biyu, lokacin da aka fara raɗe-raɗin za a rushe unguwarmu, zuciyar maigidana ta gaza. Alhaji Labaran mai shadda ake ce masa, mutumin da da can yake saɓa bandir uku a kafaɗa, sai ga shi daga ƙofar gida zuwa masallaci sai ya zauna sau biyu. Likitoci suka ce wani murfi ne a zuciyarsa ya lalace, kuma ba a yin aikin a ƙasar nan. Ƙaninsa Tijjani ya raka shi Tunisiya. Bayan mako uku suka dawo, an tsaga masa ƙashin ƙirji gida biyu, an sa murfin ƙarfe, an ɗaure ƙashin da waya. In ɗaki ya yi shiru kana jin abin yana tik, tik, kamar agogon hannu.

Tijjani ya kira ni gefe. “Yaya Habi, ga abin da likitan ya ce. Ɗinki ya kama, saura ɗan wuri a ƙasa, bai fi kan yatsa ba. Kada ruwa ya taɓa shi. Duk bayan kwana biyu a kai shi asibitin unguwa a canza auduga. Ya kuma ce in ƙwayar cuta ta bi ta nan ta isa ga murfin, to sai dai mu yi haƙuri.”

Na ce to. A raina kuwa cewa na yi, lallai ma. Mutum ya kwana biyu da tsumma manne a ƙirji, cikin zafin Wagadugu, gumi na shiga, ruwan ciwo na tsattsafowa, kuma ya tsaya gaban Ubangiji sau biyar da najasa a jikinsa? Ba a ɗakina ba. Na je asibitin unguwar sau ɗaya na ga mai canza audugar yana cin gyaɗa da hannu ɗaya yana yanka filasta da ɗayan. Ban sake yarda ya taɓa min miji ba.

Sai na ɗauki aikin da kaina. Kafin kowace salla nakan tafasa ruwa, in bar shi ya huce, in zuba a butata, in ɗiga jabel ɗigo biyu. In ɓare filastar, in tsiyaya ruwan a kan ɗinkin, in goge, in sa sabuwar auduga. Ba na barin butar ta bushe, ko yaushe da saura a ciki sai in ƙara. Alhaji yakan lumshe ido ya ce, “Allah ya yi miki albarka, Habi.” Tijjani bai sani ba, ban kuma ga dalilin gaya masa ba.

Wata ɗaya da rabi muka yi lafiya lau. Sai wurin nan na ƙasa ya yi ja, ya kumbura, ya fashe. Ba irin mugunyar maruru ba ce mai kauri. Wani ruwa ne tsararo, rawaya-rawaya, mai yauƙi, da ƙarni irin na ruwan wankin nama. Yana jiƙa auduga, ya ratsa singileti, ya fito a kan farar shadda. Ranar farko da na ɓare na gani, sai da na fita bayan ɗaki na yi amai, na kurkure baki, na dawo na wanke shi sau uku.

Ban rasa wanda zan ɗora wa laifi ba. Masu dubiya ne! Tun da ya dawo ɗakin bai huta ba. Wannan ya zo da ƙurar tasha a ƙafa, wancan ya tofa addu'a har da yayyafin goro. Maƙwabciyata Indo, wadda ƙofarta ke kallon tawa, ta zo da wani baƙin gari a ƙullin leda wai a barbaɗa.

Na ce, “Indo, fitar min da shi. Kin san hannu nawa ya bi kafin ya zo naki?”

Ta ce, “Ke dai Habi ba a iya miki.” Ta ƙulle abinta ta fita tana tsaki.

Na hana kowa wuce labule. Na ƙara wankin ya zama sau bakwai. Ramin kuwa sai ya zama biyu.

Muka fara zuwa wata kilinik a unguwar Ouidi. Duk ranar zuwa nakan tashi da wuri in matse ciwon tas, in wanke, in ƙara jabel, in turara masa riga, don ba zan kai mijina gaban mutane yana ƙarni ba. Su kuma su goga ɗan tsinke mai auduga a bakin ramin su kai labo, wato ɗakin gwaji. Bayan kwana biyu takarda ta fito: babu komai. Sau uku ana haka. Ba ya zazzaɓi sosai, ba ya tari, sai rama da kasala. Suka yi ta rubuta ƙwayoyi, ja da fari da rawaya, ya shanye su duka, ruwan nan bai fasa zuba ba. Ya kai in ya yi atishawa sai in ji wani ƙas a ƙirjinsa wanda ba na murfin ba ne.

Tijjani ne ya samo Dokta Salamata. Bamosa ce, ba Bahaushiya ba, amma a unguwar Tiendpalogo ta tashi, tana jin Hausa kamar mu. Gajeriya, ba ta da yawan fara'a, kuma abin da ya fara burge ni shi ne ta wanke hannu har gwiwar hannu kafin ta taɓa shi. Ta ɓare audugar, ta duba, ta sunkuya ta shinshina. Ta ɗago ta dube ni.

“Hajiya, wa ya wanke wannan?”

“Ni ce.”

“Yaushe?”

“Yanzu kafin mu fito.”

“Duk ranar da aka ɗauki analis, wato gwajin ruwan ciwon, ma haka kike yi?”

Na ce, “To da ƙazanta zan kawo muku shi?”

Ta ce, “Ƙazantar nake nema. Ita ce za ta gaya min sunan abin da ke cinsa. Ke kuwa kullum sai kin share ta kafin mu gani.” Ta danna ƙashin da yatsa biyu, Alhaji ya cije baki. “Ƙashin ya fara motsi. Abin yana ƙasa, yana bin waya. Tsakaninsa da murfin nan ba nisa. Ku daina duk ƙwayoyin banda na tsinka jini da yake sha saboda murfin. Zan rufe ciwon da hannuna, kada ki taɓa shi har jibi. Ko ɗigon ruwa.”

Kwana biyun nan ban taɓa ganin irinsu ba. Audugar ta jiƙe, ta yi rawaya, ta koma ruwan ƙasa-ƙasa. Ƙudaje suka gano ɗakina, ɗakin da ƙuda bai san hanyarsa ba. Ina zaune da mafici ina kora, hannuna na ƙaiƙayi, idona na kan butar da ke rataye. Na kasa cin abinci. Ranar komawa, a taksi, direban ya sauke gilashi, wata mata da ke gaba ta ja mayafi ta toshe hanci. Da ƙasa ta tsage da na shige.

Dokta Salamata ba tsinke ta goga ba. Allura ta zura can ciki ta zuƙo, sannan ta yanko ɗan nama daga bangon ramin ta sa a kwalba. Ta kira mai labo, wani dattijo mai suna Salifu, ta ce masa a gabanmu, “Na san bayan kwana biyu kuke zubar da faranti in ba abin da ya tsiro. Wannan ka ajiye min shi kwana goma. Ka kuma yi masa rinin da ake yi wa majinar masu tari.”

Washegari Tijjani ya karɓo takardar rinin, wani ma'aikaci ya karanta masa a tsaye ya ce tarin fuka ne. Kafin azahar duk tsakar gida sun ji. Matan da nake wanke kofi in sun sha ruwa, su ne yau suke janye 'ya'yansu daga ƙofata. Aka ɗauke turmi daga gefenmu. Indo kaɗai ta leƙo ta ce sannu, ita ma daga nesa. Ni Habi, a ce ɗakina ne ake ƙyama!

Dokta ta ce a dakata. “Rinin ya nuna jajayen ƙwayoyi irin na tarin fuka, gaskiya ne. Amma huhunsa fes yake a hoto, kuma ba ya tari. Tarin fuka yana da dangi masu kama da shi. In na ba shi maganin tari alhali danginsa ne, wata shida za mu ɓata, shi kuwa ba shi da wata shida. Ƙwayar tarin fuka takan yi mako uku ko fiye kafin ta tsiro a labo. Mu ga wannan.”

Rana ta biyar ta aiko a kira ni, ni kaɗai. Salifu ya fito da faranti mai murfi, ya ɗaga shi a haske. Wasu ɗige-ɗige ne farare masu maiƙo, sun yi tsiro a kan wani abu ja kamar daskararren jini. Wai wannan ne ke cikin ƙirjin da nake kwantar da kai.

Dokta ta ce, “Ba tarin fuka ba ne, ba ya kuma yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. Ba kasafai ake ganinsa ba. Zan aika da shi waje a tabbatar min da sunansa da maganin da ke kashe shi, amma na san gidansu. A ruwa yake zama, cikin tiyo da tanki da duk inda ruwa ke kwana. Jabel kaɗan ba ya yi masa komai. Da wane ruwa kike wankin?”

Na gyara zama. “Tafasasshe. Ni ba na wasa da ruwa.”

“In ya tafasa, a me kike zubawa?”

“A butata. Ba mai taɓa ta sai ni.”

“Tun yaushe kike wanke ciwon?”

Na ce, “Tun makon da ya dawo.”

Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Cewa kawai ta yi, “Kawo min butar.”

Na kawo ta a cikin sabuwar leda, tana ƙyalli. Salifu ya sa safar hannu, ya ɗauki wuƙa ya tsaga ta daga wuya har gindi, ya buɗe. Wayyo Allah. Cikin duk wani yauƙi ne, toka-toka da kore, ya yi kauri a gindi, ya bi bango, ya cika hancin butar har sai ɗan ramin da ruwa ke bi. Ya sa tsinke ya ja, abin ya biyo shi yana zarowa kamar majina. Shekara bakwai ina dirje bayanta, ban taɓa tunanin cikinta ba, don hannu ba ya shiga. Da wannan nake alwala. Da wannan nake kurkure baki. Wannan na tsiyaya a ƙirjin mijina sau biyar, sau bakwai a rana, ina bismilla. Ban kai ƙofa ba, a kwandon shararsu na amayar da duk abin da ke cikina.

Bayan kwana biyar irin ɗige-ɗigen nan suka tsiro daga yauƙin butar.

Dokta ta ce, “Ba zan rantse miki ba. Ana iya ɗaukarsa tun a ɗakin tiyata, ya kwanta ya yi makonni. Amma ga shi a butarki, ga shi a ƙirjinsa.”

Ni ban buƙaci rantsuwarta ba. Na ce, “Don Allah kada ki gaya masa.”

Ta ce, “Aikina in fitar da shi daga ƙirjinsa. Faɗa kuma naki ne.”

Aka shiga da shi tiyata. Suka zare wayoyi huɗu, suka kankare ruɓaɓɓen ƙashi, suka bar ramin a buɗe ana cusa auduga yana cikowa daga ƙasa. Hoton zuciya ya nuna abin bai kai ga murfin ba, saura kaɗan. Aka sa masa ƙwayoyi iri biyu na wata shida, da wata allura kullum har mako shida, ana auna jininsa duk mako don ƙwayoyin suna rikita maganin tsinka jini. Tun farko Dokta ta gaya mana allurar tana iya taɓa kunne, amma ita ce mai ƙarfin da ake iya samu. A mako na biyar ya ce yana jin ƙara kamar ta gyare. Aka tsayar da allurar ranar, sai dai ta riga ta yi ɓarna. Kunnen hagu ya tafi gaba ɗaya, na dama sai an ɗaga murya.

Ya rayu. Ciwon ya rufe, ya bar wani kwarmi a tsakiyar ƙirji da za ka iya ajiye ƙwai a ciki. Ba ya jin kiran salla sai na taɓa shi. Ba ya jin tik-tik ɗin zuciyarsa, ni ce ke ji. Ciniki ya koma hannun Tijjani, don ba a sayar da shadda da ihu.

Abin da ya fi ci min rai shi ne yabo. Da aka tabbatar ba tarin fuka ba ne, matan nan suka dawo da turminsu, suka dawo da bakinsu. Wai tsaftar Habi ce ta tsare shi. Shi ma Alhaji, da yake yanzu da ƙarfi yake magana, duk wanda ya zo dubiya sai ya ce, “Ba don matar nan ba da tuni an binne ni! Sau bakwai take wanke ni a rana!” Ni kuwa in sunkuyar da kai, su ɗauka kunya ce. Da aka tambayi inda butar take na ce fashewa ta yi. Wata huɗu ina haɗiye wannan, kullum yana taso min kamar ɗanyen mai.

Ran nan da hantsi ina tankaɗe a ƙofar ɗaki, Alhaji na kishingiɗe a tabarma gefena, mata na ta aikinsu a tsakar gida. Sai ga Indo ta fito riƙe da hannun 'yarta Ummu Salma, wadda aka yi wa aiki aka ciro mata jariri kwana shida da suka wuce. Yarinyar na tafe a duƙe, hannu a mara. A ɗaya hannun Indo kuwa tsohuwar butarsu ce, koriya, ruwa na ɗiga daga hancinta.

“Habi, taimaka mana. Sun ce wai kada a jiƙa ɗinkin sai an koma, ga shi har ya fara ƙarni. Na ce ina, bari in kai ta wurin wadda ta iya. Wanke mata irin yadda kika yi wa Alhaji.”

Na dubi butar. Na dubi cikin yarinyar. Na ce a hankali, “Kada ki sa mata ruwan nan. Ki mayar da ita asibiti yau.”

“Haba Habi, ƙyamarmu kike yi har yanzu? To ara mana hannunki kawai, ruwan na tafasa shi.” Ta fara kwance wa yarinyar zani, ta ɗaga butar.

Na fizge ta na yi jifa da ita, ta bugi bango ruwan ya watse. Indo ta riƙe haɓa.

Na ce, “Wankin nan ne ya ruɓar masa da ƙirji. Butata ce. An tsaga ta a gabana.”

Alhaji ya ga jifan, ya ga fuskokin mata, bai ji ko kalma ɗaya ba. Ya tashi zaune da ƙyar, ya juyo min kunnen dama, ya kara tafin hannu a bayansa.

“Me kika ce, Habi?”

Na maimaita.

“Ɗaga murya mana, kin san halin kunnen.”

Na durƙusa a gabansa, na kai bakina kusa da kunnen da na bar masa, na faɗa da iyakar ƙarfina, har masu wucewa a titi suka tsaya. Na ce Tijjani ya hana a jiƙa, na jiƙa. Na ce ƙwayar a butata take. Na ce ƙashinsa da kunnensa da kasuwarsa, duk ni ce.

Ya ji. Na ga lokacin da ya ji. Ya sauke hannun daga kunnensa ya ɗora a kan kwarmin ƙirjinsa, ya daɗe yana kallon butar Indo da ke kife a ƙasa.

Sannan ya ce, da babbar muryar nan tasa, “Tun yaushe kika sani?”

Na ɗaga masa yatsu huɗu.

“Wata huɗu ina yabonki a gaban mutane, kina ji.”

Ya dafa bango ya miƙe, na kai hannu in tallafe shi, ya janye gwiwar hannunsa kamar yadda nake janye kofina. Ya dubi Indo ya ce ta nemo taksi a kai yarinyar nan yanzu, ya shiga ɗaki ya saki labule.

Da azahar na taɓa ƙafarsa don ya san lokaci ya yi, na ajiye masa ruwan alwala a kwano mai faɗin baki wanda ake ganin cikinsa. Ya duba kwanon, ya duba hannuna. Ya ɗaga murya ya kira Lailatu ta zubar ta kawo masa wani.